'Ya'ya Biyar, Kati Huɗu

Sunana Rakiya, a Kademi nake aure, cikin ƙaramar hukumar Gaya. Ina rubuta wannan ne bayan Allah ya tashi kafaɗun 'yata ta fari daga jinyar da ta ci mana mako tara, ta ci sa ɗaya cikin shanun huɗarmu biyu, ta kuma kusa cin ran yarinyar. Ba neman tausayi nake yi ba, an tausaya mana har ya ishe mu. Saboda matan da suka tashi irin tashina nake yi, waɗanda aka koya wa cewa ba a kama sunan ɗan fari, ba a ƙirga shi, ba a nuna wa mutane an damu da shi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Yarinyar shekararta goma sha ɗaya. Sunan surukata ta ci, shi ya sa kowa yake ce mata Ummi, ni kuwa kunyar ta zame mini biyu: ga ta 'yar fari, ga sunan uwar miji. Ko Ummin ma ba na faɗa a gaban mutane, sai dai in ce “yarinyar nan” ko “'yar Goggo”. Goggon ita ce Yaya Hajara, yayar maigidana Malam Isa, wadda take aure a Gafasa ta ƙasar Ajingi. Allah bai ba ta haihuwa ba. Ranar da aka yaye Ummi ta zo ta goye ta ta tafi da ita, kuma tsakani da Allah ta riƙe ta riƙon da ko ni ban isa in yi ba. Ummi Yaya take ce mini. Ta san ni na haife ta, amma haka bakinta ya saba, ni ma haka ya fi mini sauƙi.

Bara da rani aka yi shela cewa ma'aikata za su zo ƙofar gidan mai unguwa su rubuta gidajen marasa ƙarfi cikin inshorar lafiya ta gwamnati. Wanda aka rubuta za a ba shi kati, in ya je asibitin da aka ɗora shi a kai a duba shi a ba shi magani ba sai ya biya ba. Gidanmu yana ciki. Malam Isa ya tafi ci-rani kudu a lokacin, sai na kwashi yara huɗun da ke gabana muka bi layi, surukata Inna tana bayana har ina jin numfashinta a ƙeyata. Da layi ya zo kaina sai wata budurwa mai gilashi, riƙe da na'ura mai kama da babbar waya, ta ce, “Mama, yaranki nawa?”

Na ce, “Huɗu.”

Ta ce, “Babu wani a wajen 'yan'uwa ko a makaranta? Muna nan har jibi. In akwai a ɗauko shi mu ɗauki hotonsa.”

Na ce, “Su ke nan.”

Ba zan ɗora wa yarinyar nan laifi ba, ta tambaya har sau biyu. Daga Kademi zuwa Gafasa kuma ba Makka ba ce, da na tura mai babur da kafin la'asar ya kawo ta. Bakina ne ya ƙi buɗuwa in ce biyar a gaban Inna da matan unguwa. Da yamma na ji Inna tana gaya wa maƙwabciyarmu ta kan katanga cewa, “Rakiya akwai alkunya, ko da wasa ba ta sako ta farin ba.” Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin yabon nan har na ƙara mata nama a miya. A raina na ce ai Goggo za ta rubuta ta a can. Ita kuma Goggo ba a saka gidansu ba saboda mijinta yana da injin niƙa, kuma ta ɗauka iyaye sun rubuta abarsu. Ba wadda ta tambayi wata a cikinmu.

Katin ya yi mana rana, wannan gaskiya ce. Sau uku ina kai auta ƙaramin asibitin garinmu ba a karɓi ko sisi ba, sai dai wani lokacin a ce maganin kaza ya ƙare, a rubuta maka ka saya a waje. Malam Isa da ya dawo ya tarar babu nasa bai damu ba, ya ce shi dama ba ya ciwo.

Bana da damina ta yi tsakiya, gero ya fara fitar da kai, aka yi hutun makaranta, Goggo ta aiko Ummi ta yi wa takwararta kwana biyu. Ta yi kamar mako guda lafiya ƙalau, tana tsinkar rama tare da ƙanwarta Bilki mai shekara tara. Sai zazzaɓi ya kama ta rana ɗaya da ƙanenta Sadiku. Duk wanda ya san ƙauye ya san wannan lokacin: rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani bai iso ba, kuɗin da ke gida duk ya tafi a taki. Na ɗauki Sadiku da katinsa na kai shi asibiti, aka ɗiga jininsa aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba shi magani, kwana uku ya tashi yana bin awaki. Ummi kuwa ba kati. Malam Isa ya ce tunda tare suka kwanta ai ciwon ɗaya ne, ya je kemis ya sayo irin ƙwayoyin da aka ba Sadiku, har da ragi. Maigidana mutumin kirki ne, amma ba ya yarda mutum ba shi da lafiya sai ya ga ya ture kwanon tuwo.

Zazzaɓin ya yi kamar ya sauka, bayan kwana biyu ya dawo. Da safe ta tashi da ɗan dama-dama, da azahar jiki ya ɗauki zafi, ga ciwon kai, ga kasala. Abinci sai ta tsakura ta bari. Ni da nake uwa, ko goshinta ba na taɓawa sai na leƙa na ga ba kowa a tsakar gida. In ina son sanin yadda ta kwana, Bilki nake aika ta tambayo ta. Da Sadiku ne da tuni na ɗaga wa Malam Isa hankali har sai ya nemo kuɗin asibiti ko ta halin ƙaƙa. Amma yaya za a yi a ji ni ina rigima a kan 'yar fari? Haka makon farko ya wuce.

A mako na biyu masu ba da shawara suka yi mana caa. Inna ta buɗe idon yarinyar ta duba ta ce ciwon shawara ne, ta sa aka jiƙa mata sassaƙe mai ɗaci. Maƙwabciyarmu ta ce rana ce ta taru mata a ciki, a dama mata tsamiya. Wani abokin Malam Isa ya ce sauyin ruwa ne, cikinta ya saba da rijiyar Gafasa. Liman ya yi tofi, Allah ya saka masa, shi ne ma kaɗai ya ce a haɗa da asibiti. Duk abin da aka kawo sai an ɗura mata, ita kuma ba ta musu, ta sha ta kwanta. Ciki ya fara murɗa mata, yau gudawa, gobe kuma shiru. Leɓenta ya bushe ya tsattsage.

A nan ne na yi wata dabara da har yau in na tuna nake jin nauyi. Ranar da Inna ta tafi gaisuwar mutuwa, na ɗauki katin Bilki, na yafa wa Ummi hijabin Bilki, na ɗora ta a babur zuwa asibiti. Na manta cewa malamin asibitin nan shi ya yi wa Bilki rigakafi tun tana goye. Ya dubi hoton, ya dubi yarinyar, ya dube ni.

Ya ce, “Maman Bilki, yaushe Bilki ta yi tsawo haka?”

Na sunkuyar da kai. Bai tozarta ni ba. Ya ja ni gefe ya ce ba zai iya rubuta wata da sunan wata ba, in aka gano aikinsa ne a bakin ƙofa, kuma za a iya soke katin Bilkin gaba ɗaya. Ya duba Ummi kyauta, ya danna cikinta ta yi ƙara. Ya ce, “Wannan ba zazzaɓin sauro ba ne. Ina zargin taifot. Ku kai ta babban asibiti a cikin Gaya a yi mata gwajin jini, yau ko gobe, kada ku wuce haka.” Ya rubuta mini takarda.

Na kawo takardar gida na ajiye a gaban Malam Isa. Ya ce to, amma yarinya ta Yaya Hajara ce, ba a ɗauke ta zuwa wani gari ba da saninta ba, kada ta ce don ba ita ta haifa ba aka raina ta. Aka kira wayar mijinta ba ta shiga, ruwa ya yi kwana biyu yana zuba, hanya ta lalace. Aka ba wani ɗan kasuwa saƙo, shi kuma ya isar da shi a matsayin “Ummi ba ta ɗan jin daɗi”. Goggo ta gama abin da take yi a tsanake, ta iso bayan kwana huɗu da ƙullin fura a hannu. Da ta ɗaga labule ta ga yarinyar sai furar ta faɗi. Ta juyo kaina ta ce, “Rakiya, haka kika zuba mata ido?”

Washegari da hantsi, farkon mako na uku, Ummi ta yi wata irin ƙara ta riƙe ciki. Kafin azahar cikin ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, tana amai kore, ko zane aka ɗora mata sai ta yi kuka. Muka ɗauki shatar adaidaita sahu, ni da Goggo muna riƙe da ita, Malam Isa a gaba kusa da direba. Duk ramin da muka faɗa sai ta sandare. A hanyar nan ne na fara riƙe hannunta a gaban mutane, kuma ba wanda ya ko kalle ni.

A asibiti muka tarar da layi har waje, amma da wata nas ta ga yanayinta sai ta tsallake da mu. Aka sa mata ƙarin ruwa, aka ɗauki hoton ciki, aka ɗebi jini. Likitan saurayi ne siriri, ba ya ɗaga murya. Maganarsa ta zauna mini daram: “Hanjinta ya ɓule. Taifot ce ta daɗe tana cin sa. Da kun zo mako biyu da suka wuce, ƙwayoyi kawai za ta sha. Yanzu sai an yi aiki, kuma yau.” Ya tambaya ko tana da katin inshora, muka ce babu. Ya rubuta jerin abin da za a biya da wanda za a sayo, ya miƙa wa Malam Isa. Da aka lissafa kuɗin aiki da magunguna da ledar jini, abin ya haura naira dubu ɗari biyu. Abin da ke aljihun maigidana bai kai dubu goma sha biyar ba.

Ya hau babur ya koma Kademi. Ba ranar kasuwa ba ce, don haka dillali ya samu yadda yake so, ya sayi san da ya fi ƙarfi a farashin da ko maraƙi ya fi shi. Malam Isa bai ja ba, wanda 'yarsa ke kwance ba ya ciniki.

Muna jiransa sai nas ta fito da takardar amincewa da aiki ta ce, “Wace ce uwar yarinyar?” Goggo ta nuna ni, ni kuma na nuna Goggo. Nas ɗin ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, “Bayin Allah, wasa kuka zo yi? Wadda ta haife ta nake nema, kuma wadda ta san abin da aka ba ta tun farko.” Goggo ta tura ni gaba da gwiwar hannu. Na tsaya na zayyana komai, ranar da zazzaɓi ya fara, ƙwayoyin kemis, jiƙon Inna, tsamiya, ban rage ba. Na sa hannu a inda aka rubuta mahaifiya.

Malam Isa ya dawo bayan la'asar da kuɗi a ɗaure cikin hula. Aka ce ana buƙatar jini, aka gwada nasa ya dace, aka ɗiba. Mutumin da ba ya ciwo sai ga shi a kan benci ya yi laushi yana tambaya ko akwai mai lemo a kusa. Aka shiga da ita kafin magariba, aikin ya ɗauki kamar awa uku. Likita ya fito ya ce ƙofa biyu ya samu a hanjin, ya ɗinke, ya wanke cikin, saura kuma na Allah ne. Ya ce kwana biyar na farko su ne abin ji.

Kwana biyar ɗin nan ba ci ba sha, roba a hanci tana janyo wani ruwa mai duhu, wata robar a gefen ciki. Abin da ya fi ci mini rai shi ne roƙon ruwa. Ta kalle ni da ido a zurme ta ce, “Yaya, ko ɗigo ɗaya.” Sai dai in jiƙa auduga in goga mata a leɓe. Rana ta uku Inna ta zo dubiya da kunun tsamiya a ɓoye cikin mayafi, ta ce ita ba ta taɓa jin inda yunwa ta warkar da mutum ba. Allah ya sa nas ta shigo daidai lokacin da Inna take shirin ɗaga kan yarinyar ta ba ta. Faɗan da aka yi mata ranar, rabon da a yi mata irinsa tun tana amarya. Ta fita tana mita, amma ba ta sake ba.

A wannan zuwan ne, muna zaune a baranda, aka ba ta labarin yadda aka sayar da sa saboda rashin kati. Ta juyo ta ce mini, “Ke ma dai Rakiya, ai da kin faɗa musu su biyar ne.” Wallahi sai da na ji jini ya hau mini ka. Matar da ta yabe ni ta kan katanga. Na buɗe baki, Goggo ta taka mini ƙafa, na rufe. Har yau Inna ba ta ce ta tuna wancan yabon ba. Amma tun daga ranar duk ƙwan da zabinta suka saka ba ta sayar ba, tarawa take ta aiko a dafa wa takwararta, kuma na san wannan shi ne iyakar ban-haƙurin da zan samu.

Rana ta shida aka ba ta cokali biyu na ruwa, washegari ruwan koko. Muka fara murna, ashe da saura. A mako na biyar wajen ɗinkin ya kumbura ya fara fitar da ruwa mai wari, zazzaɓi ya dawo. Aka warware zare uku aka bar wajen a buɗe, kullum da safe a wanke a cusa auduga. Ni nake riƙe kafaɗunta, Goggo ta riƙe ƙafafu, don Malam Isa ya gwada sau ɗaya ya ce shi gara a aike shi gona. Aka canza allura zuwa wata mai tsada, safe da yamma har kwana bakwai, kuma a waje ake sayowa. Kuɗin sa ya ƙare a nan. Goggo ta aika aka sayar da awakinta uku, ba ta ko yi shawara da mijinta ba. Duk abin da zan faɗa a kan matar nan, ba zan iya biyan ta ba. Kwana talatin da ɗaya tana kwana a kan tabarma a ƙasan gado, ga ta da ciwon gwiwa.

Gadon da ke kusa da namu wata mata ce daga wajen Ajingi, an yi wa ɗanta aikin ƙaba. Suna da kati. Ta ce daga ƙaramin asibitinsu aka ba su takardar turawa, suka kawo, aka yi aiki, abin da ta saya da kuɗinta magani biyu ne da aka ce babu a ciki. Mace mai kirki, kullum sai ta zuba mana abincinta. Amma ba zan yi ƙarya ba, duk lokacin da aka miƙo mini sabuwar takardar saye na ga ita tana zaune tana yankan farce, sai in ji ƙyashinta. Talaucinmu ɗaya da ita, bambancin kawai ita ta faɗi adadin 'ya'yanta daidai.

Ita ce ta nuna mini teburin mai kula da masu inshora, na je da kaina. Na gaya masa gidanmu yana cikin tsarin, ga katina, ga na ƙannenta, yarinya ɗaya ce ta kuɓuce, ko za a taimaka a saka ta yanzu. Ya ce, “Hajiya, ai ba a fafe gora ranar tafiya. Ba a yanka kati ranar ciwo.”

Na ce, “Ni ba Hajiya ba ce. Da ina da kuɗin Makka da ba ka gan ni a nan ba.”

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Daga nan ya sassauto, ya yi mini bayani cewa ba shi yake saka suna ba, sai an sake buɗe rajista, kuma kowace mazaɓa da adadin da ake ba ta. Ya ce in an buɗe in tabbata an ɗora ta a asibitin da ya fi kusa da inda take zaune, kuma duk ranar da ciwo ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti in karɓi takardar turawa kafin in taho, in ba haka ba katin ba zai yi aiki ba. Ya rubuta sunanta da na mai unguwarmu a wani littafi. Ko littafin yana zuwa wani wuri, Allah masani.

Ga ƙorafina, tunda na yi godiya. Tsarin nan alheri ne, na gani a jikin 'ya'yana huɗu. Amma kwana uku a ƙofar mai unguwa, sannan a rufe sai baba ta gani, bai isa ba. Gidan da aka riga aka yarda mara ƙarfi ne, me zai hana a bar masa ƙofa ya ƙara ɗan da aka tsallake, in mai unguwa ya shaida? Kuma masu rubutun su san mutanen da suke rubutawa. A garuruwanmu da wuya ka samu gidan da ba a ba da riƙo ko an karɓa ba. Kada a tambayi mace adadin 'ya'yanta surukarta tana tsaye a bayanta. A ja ta gefe, a ce mata, “Har da na farin, har da wanda ke hannun goggonsa.” Mu kuma mata, in an zo rubutu, a aika a tambayi mai riƙo ko ta saka yaron, kada kowa ya ɗauka ɗaya ya yi. Zazzaɓin da ya wuce kwana uku bai ji magani ba a kai shi a gwada jini, ko da kaza za a sayar. Mu da muka ƙi sayar da kaza, sa muka sayar, kuma huɗar baɗi sai mun nemi aron na haɗawa.

A ƙarshen mako na bakwai aka sallame mu. Ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, gashinta ya zube, tafiya sai an riƙe ta, ga tabo daga cibiya zuwa ƙasa. Likita ya ce a riƙa kai ta wankin ciwo duk bayan kwana biyu a ƙaramin asibitin garinmu, a tafasa ruwan sha, a wanke hannu, kada ta ɗauki abu mai nauyi wata uku. Goggo ta so ta wuce da ita Gafasa. A karon farko tun da aka yaye yarinyar na ce a'a, a bar ta a nan sai ciwon ya rufe. Goggo ta dube ni ta ce, “To, uwarta.” Ba da gatse ta faɗa ba. Ta koma gida ta huta, tana zuwa duk Juma'a.

A mako na tara ciwon ya kame, ta fara cin tuwo, har tana faɗa da Bilki a kan tsintsiya. Wata safiya auta ya tashi da tari, na buɗe kwallar da nake ajiye takardu zan ɗauki katinsa. Ummi tana zaune a bakin ƙofa tana shan hantsi, ta ce in ba ta ta gani. Aji biyar take, tana karatu sarai. Na miƙa mata duka. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana karanta sunayen a hankali, tana dariyar hoton Sadiku da ya fito baki buɗe. Da ta kai ƙarshe ta sake komawa farko. Sannan ta ce, “Yaya, ina nawa?”

Na yi niyyar in ce ba ta nan ranar, kuma ba ƙarya ba ne. Amma yarinyar da aka tsaga wa ciki saboda shiruna ta wuce a ba ta rabin gaskiya. Na zauna kusa da ita na gaya mata yadda aka yi: an tambaye ni, har sau biyu, na ce huɗu, saboda ita ce ta fari kuma Inna tana tsaye. Na jira ta yi kuka ko ta yi fushi, na ma fi son ta yi. Ta jera katunan a kan cinyarta ta daidaita bakinsu, ta miƙo mini.

Ta ce, “Ba komai. In sun dawo ki aika a kira ni, sai in faɗa musu da kaina. Ba sai kin faɗa ba.”

Duk abin da na gani a asibiti bai karya ni kamar wannan ba. Yarinya mai shekara goma sha ɗaya, ɗinki bai gama bushewa a cikinta ba, tana nema mini hanyar da ba zan ji kunya ba. Inna tana tsakar gida tana tankaɗe, tana jin mu. Ban rage murya ba.

Na ce, “A'a. Ni na haife ki, ni zan faɗa.”